Me ya sa Zara ta fi Uɗarid zafi, alhali ta fi ta nisa da rana?

Malamin Aji Shida ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina koyar da kimiyya a wata makarantar firamare, kuma a makon jiya ne muka iso darasin duniyoyin da ke zagaya rana. Na zana su a allo bi da bi: Uɗarid, wadda littafinmu ya kira Makyuri, ita ce mafi kusa da rana, sai Zara, wadda Turawa ke kira Binos, sai duniyarmu, sai Mirrihi. Daga nan na karanta wa yara abin da littafin ya ce, cewa a cikinsu duka Zara ce ta fi zafi. Wata yarinya da ke zaune a layin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai wanda ya fi kusa da murhu shi ya fi jin wuta, to yaya aka yi ta biyu ta fi ta farko zafi?" Na ce mata saboda iskar da ta lulluɓe ta ne, amma ni kaina na san amsar ba ta cika ba, ita ma na ga alama a fuskarta cewa ba ta gamsu ba, kawai dai ta yi shiru ne don ladabi.

Akwai kuma wani abu a littafin da ya tsaya mini a rai. An rubuta cewa Zara da duniyarmu kamar Hassana da Usaina ne wajen girma da nauyi. Idan haka ne, me ya raba su har ɗaya ta zama wurin noma da kiwo, ɗaya kuma ta zama tanderu? Ina roƙon masu ilimin wannan fanni su warware mini yadda zan iya mayar wa yara ba tare da na yi musu ƙarya ba.

Malamar Fiziks ta amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Ka gaishe mini da wannan ɗaliba taka, domin tambayarta ba ta yara ba ce. Har zuwa tsakiyar ƙarnin da ya wuce akwai masanan da ke zaton cewa a ƙarƙashin gajimaren Zara akwai fadama da ruwa, sai da kumbon Mariner 2 na Amurka ya wuce ta gefenta a watan Disamba na 1962 ya auna zafinta kafin wannan zato ya mutu.

Misalin murhu daidai yake matuƙar babu abin da ke riƙe zafi bayan ya iso. Haka lamarin yake a Uɗarid, wadda nisanta da rana ya kai kilomita miliyan 58: ba ta da iskar kirki, don haka ɓangaren da ke fuskantar rana yakan kai digiri 430 a ma'aunin Salshiyas, amma da zarar dare ya yi zafin ya tsere, sai sanyi ya sauka har zuwa digiri 180 ƙasa da sifili. Zara kuwa tana nesa da rana da kilomita miliyan 108, kusan ninki biyu ke nan, amma zafin doronta yana wajen digiri 465, kuma kusan haka yake dare da rana, a tsakiyarta da can ƙuryarta ta arewa ko ta kudu. Dalma tana narkewa a digiri 327, saboda haka idan aka ajiye ta a can za ta zama ruwa ba tare da an hura wuta ba.

Abin da zai ƙara ba ɗalibarka mamaki shi ne, Zara ba ta ma shan hasken rana kamar yadda duniyarmu ke sha. Hasken da ke isa gare ta ya kusa ninka namu sau biyu, amma gajimarenta yana mayar da kimanin kashi uku cikin huɗu zuwa sararin samaniya, kuma wannan ne dalilin da ya sa muke ganin ta tana walƙiya fiye da kowane tauraro. Da lissafin hasken da take sha kaɗai za a bi, da zafinta bai wuce digiri 40 ƙasa da sifili ba. Ke nan sirrin ba ya cikin yawan zafin da ke shiga, yana cikin wahalar da zafin ke sha kafin ya fita.

Ga yadda zan bayyana wa yara. Kowa ya san hucin da katangar siminti ke fitarwa bayan magariba idan ta wuni tana shan rana. Ƙasa ma haka take yi, tana mayar da zafin da ta sha zuwa sama a matsayin wani haske da ido ba ya gani. A lokacin hunturu, sa'ad da iska ta bushe ƙarau, wannan huci yana wucewa ba tare da cikas ba, shi ya sa asuba ke yin sanyi mai ratsa ƙashi ko da rana ta ƙwalle jiya. Amma a ƙarshen bazara, daren da hadari ya haɗu bai zubar ba kuma iska ta cika da laima, mutum zai kwana yana zufa, domin tururin ruwa da gajimare sun tare hucin sun mayar da shi ƙasa. Iskar kabon dayokzaid tana yin irin wannan aiki. A duniyarmu wajen kashi 4 ce kawai cikin dubu goma na iskar da muke shaƙa, ita kuwa Zara kashi 96.5 cikin ɗari na iskarta kabon dayokzaid ne, ga shi kuma yawan iskar gaba ɗaya ya ninka tamu fiye da sau 90. Bargo ne mai kaurin gaske, ɗan hasken da ya samu ya kutsa ƙasa kuma ba ya samun hanyar komawa sai doron ya yi zafin da na ambata.

Game da tagwaitaka, littafin bai yi kuskure ba. Faɗin Zara daga gefe zuwa gefe kilomita 12,104 ne, na duniyarmu kuma 12,742, kuma mai nauyin kilo 70 a nan zai auna kamar kilo 63 a can. Abin da ya raba su, a bisa bayanin da ya fi karɓuwa, shi ne ruwa. Kusancin Zara da rana ya sa ruwanta ya zama tururi, tururin ya ƙara riƙe zafi, zafin ya ƙara ƙafar da ruwa, haka abin ya yi ta ciyar da kansa. A can sama hasken rana mai ƙarfi ya farfasa tururin, haidirojin da ke cikinsa, da yake ita ce mafi sauƙin iska, ta sulale zuwa sararin samaniya. Shaidar wannan ta fito ne daga kumbon Pioneer Venus a 1978, wanda ya gano cewa nau'in haidirojin mai nauyi, wanda ba ya saurin tserewa, ya taru a can fiye da yadda yake a tekunanmu sau ɗari ko fiye. Masana dai har yanzu suna jayayya a kan ko Zara ta taɓa samun teku na gaske, ko kuwa tun farko ruwan bai taɓa sauka ƙasa ba.

Injiniya Mai Ritaya ya amsa:

Malama ta yi bayanin zafi yadda ya kamata, amma a ganina mutane suna yawan mantawa da nauyin iskar, alhali shi ne ya fi wahalar da waɗanda suka ƙera kumbunan da aka tura can. Matsin iska a doron Zara ya ninka namu sau 92, daidai da abin da mutum zai ji idan ya nutse kimanin mita 900 a cikin teku. Idan ana son yara su gane, Malam, ka sa kowa ya dubi farcen ɗan yatsansa, ka ce musu a kan wannan ɗan fili kaɗai za a ɗora nauyin da ya kusa buhun siminti biyu, kuma haka a kowane sashe na jiki ta kowace fuska. Iskar da mai faci ke ɗura wa tayar ƙaramar mota, wadda muke jin tsoron fashewarta, ba ta kai kashi ɗaya cikin arba'in na wannan ba.

Tarayyar Sobiyet ce ta fi kowa naci a kan wannan duniya, kuma ta sha asara kafin ta gane abin da take fuskanta. Kumbuna na 4, na 5 da na 6 a jerin kumbunanta na Venera sun daina magana tun suna cikin iska, domin ba a gina su don irin wannan matsi ba. Venera 7 ne ya fara isa ƙasa da rai a ranar 15 ga Disamba, 1970, ya aiko da saƙo mai rauni na minti 23, kuma shi ne karo na farko da wani abu da ɗan Adam ya ƙera ya yi magana daga doron wata duniya. Venera 9 ya aiko da hoton farko a Oktoban 1975. Wanda ya fi daɗewa shi ne Venera 13, da ya sauka a ranar 1 ga Maris, 1982: an tsara shi ya yi rabin awa, sai ya yi minti 127, ya auna zafi digiri 457, ya kuma ɗauko hotuna masu launi. A cikinsu ana ganin faffaɗan duwatsu masu kama da fale-falen kasko, da baƙar ƙasa a tsakaninsu, komai kuma ya rine da launin ruwan goro saboda gajimaren ya tace hasken. Babu rana a sama, babu inuwa mai kaifi, sai haske irin na yinin da hadari ya rufe gari.

Akwai wani abin takaici da duk mai aikin hannu zai tausaya wa. Venera 14, wanda ya sauka kwanaki kaɗan bayan ɗan'uwansa, yana da wani hannu da aka yi don ya daki ƙasa ya auna taurinta, amma murfin kyamarar da aka cire ya faɗi daidai wurin da hannun zai sauka, sai na'urar ta auna taurin murfin.

Iskar ƙasa-ƙasa ba ta da gudu, ba ta fi tafiyar mutum ba, amma da yake kaurinta ya ninka na tamu fiye da sau 50, turinta ya fi kama da na ruwan kogi. Gajimaren kuma ba na ruwa ba ne, na asid ne irin wanda ke cikin ruwan batirin mota, sai dai ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba.

Malamin Aji Shida ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri, Malama da Injiniya. Misalin hunturu da bazara zai shiga kan yara nan take, domin babu wanda bai kwana cikin zufa ba a cikinsu. Ina da sauran tambaya biyu. Kakata takan nuna mana Zara matar wata da yamma, da asuba kuma idan za mu masallaci mahaifina yakan nuna mana gamzaki, kuma na taso ina ɗaukar su taurari biyu ne daban. Shin duk ita ce? Na biyu, tunda gajimare ya rufe ta ruf, ta yaya aka san tana da duwatsu da kwaruruka?

Ɗan Damagaram ya amsa:

Malam, tauraruwa mafi haske da ake gani a yamma bayan faɗuwar rana, da tauraro mafi haske da ke fitowa a gabas kafin alfijir ya keto, a mafi yawan lokuta abu ɗaya ne, wato Zara, wadda Larabawa ke kira Zuhura. Ba a ganin su a rana ɗaya, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya yi tunani. Da yake hanyarta tana cikin tamu, tsakaninmu da rana, ba ta taɓa yin nisa da rana a sama fiye da digiri 47, shi ya sa ba za ka gan ta a tsakiyar sama da tsakar dare ba. Takan yi watanni tana bin rana a baya da yamma, ta ɓace, ta dawo tana gaban rana da asuba, kuma zagayen gaba ɗaya yana ɗaukar kwana 584. Jinjirin wata ma a yamma yake tsayawa kusa da inda rana ta faɗi, don haka sukan haɗu wuri ɗaya, kuma ina ganin daga nan ne kakanninmu suka ɗaura musu aure.

Juyin da take yi a kan kanta shi ne abin da ya fi ba ni mamaki a dukan al'amarinta. Tana kammala zagaya rana a kwana 225 na lissafinmu, amma kafin ta juya sau ɗaya a kan kanta sai ta yi kwana 243, kuma juyin nata baibai ne, saɓanin na duniyarmu. Da za a iya ganin rana daga doronta, da ta yamma za ta fito ta faɗi a gabas. Sai dai a kula, domin nan ne littattafai da yawa ke rikita yara: daga fitowar rana zuwa wata fitowar ba kwana 243 ba ne, kwana 117 ne, saboda juyin baibai da tafiyar zagaya rana suna haɗuwa su gajarta shi. Ke nan yini yana ɗaukar wajen kwana 58, dare ma haka. Mai keke da ke gudun kilomita 14 a awa a tsakiyar Zara, ya nufi gabas, zai iya riƙe azahar a kansa muddin bai tsaya ba.

Duk da wannan nawa ta ƙasa, saman gajimaren yana gudun kusan kilomita 360 a awa, yana zagaye duniyar cikin kwana huɗu. Ba ta da wata ko ɗaya, kuma tsayuwarta kusan a miƙe take, karkatar ba ta wuce digiri 3 ba, don haka babu damina babu rani.

Mai Nazarin Duwatsu ta amsa:

Tambayarka ta biyu, Malam, amsarta ita ce na'urar rada, wadda saƙonta ke ratsa gajimare ya daki ƙasa ya dawo. Kumbon Magellan na hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ya yi wannan aiki daga 1990 zuwa 1994, ya zana taswirar kashi 98 cikin ɗari na doron. Mafi yawansa fili ne shimfiɗaɗɗe na narkakken dutse da ya daskare, da tsaunuka masu aman wuta barkatai, sai manyan tuddai biyu, Ishtar a arewa da Afrodait a tsakiya. A kan Ishtar ne tsaunin Maxwell yake, mai tsawon kusan kilomita 11, ya ɗara Eberes, kuma ƙololuwarsa ce wuri mafi sanyi a doron Zara, in har za a kira digiri 380 sanyi. Akwai kuma wata korama da narkakken dutse ya haƙa, Baltis, mai tsawon kilomita 6,800, wato ta ɗan fi kogin Nilu.

Abin da ya fi ɗaukar hankalin masu aikinmu shi ne ƙarancin ramukan da duwatsun sama ke haƙawa idan sun faɗo. Wata da Uɗarid duk sun cika da su kamar fuskar da agana ta ci, Zara kuwa ba su kai dubu ba, kuma ƙanana babu su sam, domin ƙaramin dutse yana tarwatsewa a cikin iskar kafin ya iso. Daga wannan ƙidaya aka ƙiyasta cewa doron da muke gani bai wuce 'yan ɗaruruwan miliyoyin shekaru ba, ma'ana aman wuta ya binne tsohon. A 2023 wasu masana biyu, Robert Herrick da Scott Hensley, suka koma kan tsofaffin hotunan Magellan, suka ga bakin wani rami a tsaunin Maat ya sauya siffa ya ƙara faɗi tsakanin Fabrairu da Oktoban 1991, abin da ke nuna cewa cikinta bai mutu ba.

Ina so in ƙara wani abu a kan bayanin Malama, domin a wurina shi ne cikon amsar tagwayen. Duniyarmu ma tana da kabon mai yawan da ya yi kusa da na Zara, sai dai namu ba ya cikin iska, yana cikin dutse. Ruwan sama yana narkar da iskar kabon, ya ci duwatsu da ita, koguna su kai teku, can kuma ta kwanta ta zama dutsen farar ƙasa. Irin wannan dutse ne ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato, da Ashaka ta Gombe, da Malbaza ta Nijar, ana ƙona shi don yin siminti, kuma idan aka ƙona shi iskar da ya riƙe shekaru miliyoyi ce ke fita. Zara ta rasa ruwan da zai yi mata wannan aiki, saboda haka duk abin da tsaunukanta suka amayar ya tsaya a sama. Idan ka samu ɗan guntun wannan dutse, Malam, ka kai aji ka ɗiga masa ruwan lemon tsami, yara za su ga ƙananan kumfa na tasowa, sai ka ce musu wannan ita ce iskar da ta lulluɓe Zara.

Malamar Fiziks ta ƙara da cewa:

Ƙaramin ƙari a kan maganar Injiniya, don kada yara su tafi da zaton cewa asid na zuba a kan duwatsun can. Gajimaren yana tsakanin kilomita 45 da 70 a sama, kuma ɗigon da ya faɗo daga cikinsa yana ƙafewa tun da sauran nisa mai yawa kafin ƙasa, don haka doron a bushe yake ƙayau. A cikin gajimaren ne kuma, wajen kilomita 50 zuwa 55, matsin iska da zafi suke kusantar irin namu. A 1985 kumbunan Vega guda biyu sun saki balan-balan a wannan tsayi, kowanne ya yi kusan kwana biyu yana shawagi yana aiko da awo. Wannan kama da yanayin duniyarmu ne ya sa aka yi ta ce-ce-ku-ce a Satumban 2020 lokacin da Jane Greaves ta Jami'ar Kadif da abokan aikinta suka ce sun ga alamar iskar fosfin a can, wadda a duniyarmu ƙwayoyin halitta ke samarwa. Wasu masanan da suka sake duba bayanan ba su ga alamar da ƙarfin da aka faɗa ba.

Idan makarantarku na da tabaron hangen nesa mai ɗan ƙarfi, ka jira lokacin da Zara ke dab da ɓacewa daga yamma, ka tara yaran bayan rana ta faɗi gaba ɗaya, ba kafin nan ba, don kada wani ya kai idonsa ga rana. Za su gan ta siririya kamar jinjirin wata, irin yadda Galileo ya ga tana sauya siffa a 1610. Ka fara miƙa wa mai tambayar murhu.